Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Hadarin Ƙasa Maganin Mai Kabido

Masu bibiya, makon jiya na tsaya a inda na bar sayar da kwan fitila a Kasuwar Wunti na koma jan waya a bayan 'yan fim. Da niyyata yau in shiga zancen auren Yaya Babba, sai wani yaro ya tambaye ni yadda ake ɗaukar fim a gidan adana kayan tarihi da damina. Tambayar ta tono min abin da ban huce ba har yau, don haka auren ya ɗan jira.

Gidan da muka yi aikin ba zan kama sunansa ba, ma'aikatansa alheri kawai suka yi mana. Ginin ƙasa ne a nan ƙasar Bauchi, zaure mai ɗaurin guga, an jera takubba da sirdi da riguna na da. Wanda bai san irin ginin ba ya je Kafin Madaki a Ganjuwa ya ga gidan da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajajen 1860, wanda aka sa cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956. Irin waɗannan wuraren ba a shiga da kyamara sai da takarda. Na tarayya suna hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, na jiha kuma a nemi ma'aikatar al'adu. A rubuta ranaku, da yawan mutane, da ɗakunan da za a shiga. Furodusan da ya ce maka "ai mun san mai gadi", ka fara neman hanyar gida.

Baffa, Allah Ya jiƙansa, magini ne, kun sani. Da ya ji inda za mu yi aiki, kuma a watan Yuni, cewa ya yi: "Kai yaro, hadarin ƙasa maganin mai kabido." A lokacin na ɗauka irin maganarsa ce ta kullum.

Daminar Bauchi takan kama daga Mayu zuwa ƙarshen Satumba, wani lokaci ta leƙa Oktoba, ruwan shekara wajen milimita 1,000. Amma ba yawansa ke wahalar da mai fim ba, yadda yake zuwa ne. A farkon damina da ƙarshenta hadari daga gabas yake haɗowa, galibi bayan azahar. In ka ji zufa tun hantsi, iska ta ɗauke cak, gabas ta fara baƙi, to ka shirya. Iska mai sanyi da ƙura ce ke riga ruwan isowa, tsakaninsu kuwa 'yan mintoci ne. Wata rana a tattara komai a guje, hadarin ya baje ko ɗigo babu, darakta ya yi ta harararka. In aka yi walƙiya ka ƙirga: kowace daƙiƙa 3 kafin ka ji tsawa, nisan kilomita 1 ke nan. Marka ta watan Agusta ita kuwa ba ta da sallama, sai a wuni ana yayyafi rana ba ta leƙo ba.

Shi ya sa mai hankali yake ɗaukar duk abin da ke waje da safe, ya ajiye na cikin zaure sai yamma. In aka ɗauki fuskar jarumi cikin rana, aka juyo kan jaruma bayan gajimare ya rufe, edita ba shi da dabarar haɗa su. Hasken rana wajen 5,600 yake a ma'aunin launin haske, fitilar halojin 3,200, in gari ya lumshe kuma hoton ya karkata zuwa shuɗi, dole a sake saita farin kyamara da farar takarda. Bangon ƙasa ma launinsa yana sauyawa: busasshe ja ne mai haske, jiƙaƙƙe ya koma duhu, kuma ba ya komawa yadda yake a wuni ɗaya. Har a Kabarin Tafawa Balewa, wanda aka buɗe a 1979, in ka kai baƙo za ka lura da haka. Ka bi ta lungu mai duhu ka ɓullo wurin da babu rufi, sama ce ke yanke hukuncin hasken da hotonka zai samu.

Cikin zaure dokokin ba su da yawa, amma ba a karya su. Ba a buga ƙusa a bango, ba a manna salatif a kan zane, don in ka ɓare shi da yaɓen zai taho. Fitilar wat 800 wuta ce, a nisanta ta da azara da tufafi aƙalla mita 2, a kashe da zarar an ce a yanke. Tsohuwar riga da fata da takardar ajami haske yana cinye su a hankali, kuma abin da ya koɗe ya koɗe ke nan. Janareta mai ƙarfin 2.5 kVA abin da zai ɗauka lafiya bai wuce wat 2,000 ba, wato fitila biyu da cajin batir. Ka ƙara ta uku ya fara tari. Da daddare bayan ruwan fari kuma shinge zai yo ayari kan fitila, sai an kunna wata can nesa ta ja shi.

To, ga inda maganar Baffa ta fito. Kowa ya yi tanadin sama, an sayo tamfol da lema, babu mai kallon ƙasa. Soro ba kwano ba ne, ruwansa ta indararo yake zuba wuri ɗaya da ƙarfi. Kafin ka ajiye komai, ka zagaya ginin ka ga inda bakin kowane indararo ya nufa, da inda tsakar gida ta gangara. Janareta a kai shi mita 30 ko fiye saboda mai ɗaukar sauti, a ɗora shi kan bulo. Mahaɗar waya a naɗe ta da leda, a ɗaga ta daga ƙasa. In iskar nan ta buso, janareta ake fara kashewa, sannan a zare waya, sannan a shigar da fitilu, don kwan halojin mai zafi ko ɗigo ɗaya ya taɓa shi fashewa yake. Kyamarar kaset ta wancan zamanin in ta sha raɓa sai ta ƙi aiki, kaset ya manne, a buɗe ta a bar ta ta sha iska wajen awa guda.

Duk wannan na faɗa wa furodusan fim ɗin da muka yi a gidan. Na ce a ƙaro naɗin waya guda, ya ce kuɗinsa ba na wasa ba ne, a ajiye janaretan a gindin bango. A gindin bango, ƙarƙashin indararo! Ruwan da aka yi ranar bai kai rabin awa ba, amma kafin a ankara injin yana cikin tabki. Tamfol ɗin yana nan a kansa lafiya lau, ta ƙasa ruwan ya ci shi. Washegari mutumin nan ya bi gari yana cewa yaron wuta ne ya ƙona masa inji, ya kuma riƙe kuɗin aikina. Hadarin ƙasa na biyu ke nan, wanda ko Baffa bai hango ba.

Bayan shekaru mun haɗu da shi a wani ɗaurin aure a Gombe, lokacin Baffa ya rasu, ni kuma ina da kayan wutana na kaina da yara biyu a ƙarƙashina. Ya miƙo hannu yana "Malam, kwana da yawa", na karɓa saboda idon jama'a. Zancen kuɗin bai tayar ba, ni ma ban tayar ba, amma ban ce na yafe ba.

Abin da ya fi min ciwo ma ba kuɗin ba ne. Cikin rububin ranar wani ya jingina ƙarfen fitila da jiƙaƙƙen bango ya ɓantare yaɓen. Baffa ne ya je ya gyara da izinin masu gidan, bai karɓi ko sisi ba. Ya jiƙa makuba ta kwana, ya cuɗa ƙasa da ciyawa ya bar ta ta ruɓa, sannan ya yi yaɓen hawa biyu, sai na farko ya sha iska ya ɗora na biyu. Siminti bai ko bari a kawo masa ba, ya ce yana riƙe danshi a cikin tubali har bango ya rufto daga ciki.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, auren Yaya Babba da rigimar lefen da Goggo ta hana a buɗe.