Gangaren da Muka Gina Sau Biyu a Masallacinmu na Aboabo

Kawuna ya fi shekara talatin yana tsayawa a sahun farko, dama da liman, a masallacin unguwarmu da ke Aboabo a Kumasi. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, sai ya koma kan keken guragu. Masallacin yana da matakala uku, ga kuma kwata a gabansa. Duk Juma'a samari huɗu ke cicciɓarsa da keken su haye da shi, wani na cewa a riƙe nan, wani na cewa a yi a hankali, jama'a na kallo. Bayan Juma'a ta huɗu ya ce ba zai sake zuwa ba.

Na same shi a zaure, na ce, "Kawu, ai yaran nan ba su gaji ba, lada suke nema." Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Ɗana, ni na gaji. Ni da nake ɗaukar mutane zuwa makwanci, yau ake ɗauka ta kamar buhun masara kafin in ga Ubangijina?" Ban iya ba shi amsa ba.

Ni ne sakataren kwamitin masallacin, don haka na kai maganar zama. Ba wanda ya ƙi. Aka yi karo-karo, aka kira magini, cikin kwana biyu ya zuba gangare a gefen matakalar, ya shafe shi da tayil mai sheƙi don ya dace da bangon. Kowa ya yaba. Ni na tsaya a kan aikin, ni na biya kuɗin, kuma ban tambayi Kawu komai ba, so nake in ba shi mamaki.

Ranar da muka gwada, an yi yayyafi da safe. Jikansa ya turo shi, suna kaiwa tsakiya ƙafar yaron ta zame, keken ya dawo da baya. Allah Ya sa wani mai facin taya da ke kusa ya tare su da ƙirjinsa. Har yau in na tuna yadda Kawu ya ƙanƙame hannun keken da hannunsa ɗaya mai lafiya, sai gabana ya faɗi.

Wani maƙwabcinmu mai gyaran waya, wanda shan-inna ta kama tun yana yaro, shi ya zo da tef ɗin awo washegari. Ya auna matakalar, tsayinta santimita 45. Ya auna gangaren, mita 2 bai cika ba. Ya ce ƙa'idar da aka sani ita ce, duk tsayin santimita 1 yana buƙatar santimita 12 na tsawo, ke nan namu sai ya kai mita 5 da santimita 40. Abin da muka gina, in ji shi, na tura baron siminti ne. Ya nuna mana babu ƙarfen riƙo, babu ɗan tudu a gefe da zai hana taya zamewa waje, kuma a sama babu fili miƙaƙƙe inda mutum zai tsaya ya juya keke kafin ƙofa. Shi ma ɗin, shekara da shekaru a waje yake sallar Juma'a, kan tabarma a bakin titi, ba mu taɓa tambayar dalili ba.

Daga bakinsa na fara jin cewa wannan abu doka ce. Na je na karanta da kaina. Kundin tsarin mulkin Ghana na 1992, a sashe na 29, ya ce duk wurin da jama'a ke shiga ya kamata, gwargwadon iko, a tanadar wa nakasassu abin da ya dace da su. A 2006 majalisa ta zartar da Dokar Nakasassu mai lamba 715, wadda ta ɗora wa mai wuri ko wanda ke riƙe da shi nauyin sa wurin ya shigu gare su, da tara ko ɗaurin da bai wuce wata uku ba ga wanda ya saɓa. Ta ba tsofaffin gine-gine wa'adin shekara goma, wa'adin ya ƙare tun 2016. A 2012 kuma Ghana ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu. Masallaci wuri ne da jama'a ke shiga. Wato mu da muke ganin alheri muke yi wa Kawu, ashe bashi ne a kanmu da muka yi shekaru ba mu biya ba. Wannan ya canza yadda nake magana a kwamiti: na daina cewa "mu taimaka musu".

Aiki na biyu ya fi wuya, don mutane sun riga sun ba da kuɗi sau ɗaya. Na miƙe bayan sallar isha na faɗi gaskiya, cewa kuskuren nawa ne. Liman ya tuna wa jama'a Abdullahi bin Ummi Maktum, makahon sahabin da Suratu Abasa ta sauka a kansa, wanda ya zama ladanin Manzon Allah (SAW). Kuɗi suka sake fitowa.

Babu filin mita biyar a gaban ƙofa, sai muka bi da gangaren ta jikin bango. Ƙasan siminti ne mai kaushi da aka ja da tsintsiya tun yana ɗanye. Mai walda ya sa ƙarfen riƙo hagu da dama. Kwatar muka rufe da murfin kankare daidai da titi, domin gangare ba shi da amfani in keke ba zai iya isa gindinsa ba. Kafin a zuba siminti, maginin ya jera katakai, mai gyaran waya ya hau da kansa sau uku. A wurin alwala muka sauko da famfo ɗaya, muka sa benci da abin dafawa.

Abin da ban zata ba shi ne takalma. Juma'ar farko jama'a suka mayar da gangaren wurin ajiye silifa, wani ma ya jingina babur a bakinsa. Sai da muka sa kantar ajiye takalma a ɗaya gefen, muka ɗora wani yaro ya riƙa tsaro. Sai kuma maganar taya a kan darduma: wasu suka ce keken ya bi ta kwata, akwai najasa. Liman ya raba gardamar, aka ajiye tsumma da buta a bakin ƙofa, a goge taya a shiga.

Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 8 cikin 100 na mutanen ƙasar nan suna fama da wata nakasa. Mu a zongo mun saba ganinsu a ƙofar masallaci suna jiran sadaka, shi ya sa idonmu bai lura da rashinsu a cikin sahu ba. Da aka buɗe gangaren, waɗanda suka fi bin sa tsofaffi ne masu ciwon gwiwa da ba su taɓa kiran kansu nakasassu ba.

Da sauran aiki, kuma yana damuna. Sashen mata a bene yake, matakala ce zalla, akwai iyayenmu mata da suka daina zuwa tarawihi saboda ita. Akwai kurame biyu da ke zama tun farkon huɗuba har ƙarshe ba mai fassara musu da hannu. Na sa batun ware wa mata wuri a ƙasa cikin ajandar zama mai zuwa, kuma wannan karon zan fara zuwa gidajensu in ji ta bakinsu.

Kawu ya koma sahun farko. An cire darduma ɗaya a ƙarshen sahun daga dama, kusa da taga, nan kekensa ke tsayawa. Mai gyaran waya yana gefensa.