Allon Sunaye na Makaranta: Kurakuran da Na Biya da Aljihuna

Ƙannena masu koyon aikin kafinta, a cikin ayyukan da za a riƙa kawo muku akwai wanda ya kamata ku ji tsoronsa fiye da gado da kujera, wato allon katako da makarantu ke ratayewa a ofishin shugaba ko a ɗakin taro, inda ake jera sunayen shugabannin da suka gabata, da shugabannin ɗalibai, da waɗanda suka zo na ɗaya a jarrabawar fita. Kujera idan ta karye sai a gyara ta, kowa ya manta. Shi kuwa allo yakan yi shekara talatin a bango, kuma duk wanda sunan mahaifinsa ke kai zai zo ya tsaya ya karanta shi harafi bayan harafi. Na daɗe ina wannan aiki a Birnin Kebbi, kuma kusan duk abin da na sani a kansa asara ce ta koya mini.

Allona na farko na yi shi ne da maɗaci, wanda na saya a ƙarshen damina saboda launinsa ja mai duhu ya burge ni. Maigidana ya ɗaga katakon, ya ji nauyinsa, ya ce, “Yaro, wannan da sauransa, bar shi ya sha iska.” Na ga kamar tsufa ne ke sa shi jan ƙafa, ga shi makaranta tana matsa mini, sai na fere, na goge da samfefa, na manne tsakiyar da gam a jikin firam, na kuma bi gefe huɗu da ƙusa. Da hunturu ya kankama sai aka aiko a kira ni. Na tarar allon ya tsage daga sama har ƙasa, tsagar ta ratsa ta tsakiyar sunaye, har ana hango fentin bango ta cikinta.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya natsu. Katako yana shan danshi ya kumbura da damina, ya tsuke idan iskar hunturu ta busa, kuma wannan motsi a faɗinsa yake yi, tsawonsa kusan ba ya canzawa. A ƙasarmu, inda ake fita daga ruwan Agusta a faɗa bushewar Janairu, sannan zafin Afrilu ya haura digiri 40, motsin yana da yawa, balle katakon da aka ɗauko daga kudu da ruwansa. Idan ka ɗaure shi ta kowane gefe, ba shi da hanyar tsukewa sai ya tsage. Yanzu nakan jera katako a inuwa, in sa ƙananan sanduna tsakanin kowane biyu domin iska ta ratsa, in riƙa ɗora guda a sikeli kowane mako, kuma ba na taɓa shi da zarto sai nauyinsa ya daina raguwa. Tsakiyar allon kuwa nakan zura ta cikin kwarmin da na yanka a jikin firam ba tare da gam ba, in bar mata ɗan sarari. Ku shafa banis, wato man da ke kare katako ya sa shi sheƙi, gaba da baya daidai wa daida, domin gefen da aka bari tsirara ya fi saurin sha da bushewa, shi ne ke sa allo ya lanƙwashe. Wajen ratayewa ku sa ɗan katako a baya ya raba shi da bango, saboda danshi da gara.

Asarar katako kuɗi ce kawai. Wadda ta fi ci mini rai ita ce ta suna. Wata makaranta ta ba ni jerin shugabanninta a takardar da aka yage daga littafi, an rubuta da biro, wasu shekarun ma mataimakin shugaba ne ya faɗa mini da baki muna tsaye a bakin ofis. Na rubuta “Mohammed” ga wani tsohon shugaba wanda duk rayuwarsa “Muhammadu” yake sa hannu, na kuma rage masa shekara biyu na ƙara wa wanda ya gaje shi. Ranar buɗe allo dattijon yana zaune a layin gaba. Ya tashi da sandarsa, ya matsa kusa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya juyo ya ce mini a hankali, “Ɗana, aikinka ya yi kyau, sai dai wannan ba ni ba ne.” Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ban iya cewa laifin mai ba ni takarda ba ne, tunda ni ne na karɓi abin da bai isa a karɓa ba.

Tun daga ranar ba na ɗaukar burushi sai an ba ni jerin da aka buga, shugaban makaranta ya sa hannu ya buga hatimi. Daga nan in zana dukan rubutun a babbar takarda daidai girman allon, in kai musu su sake karantawa. Ku tambayi yadda mai suna yake rubuta sunansa, ku tambaya ko ana son ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, domin Ɗanladi da Danladi ba ɗaya suke ba a idon mai shi. Ku lura da rubutun saman allo ma: makarantar da aka kafa a farkon shekarun 1970 a Argungu ko Yauri ta zauna ƙarƙashin Jihar Arewa maso Yamma, ta koma Jihar Sakkwato a 1976, sannan Jihar Kebbi a 1991, har sunan makarantar kansa yana iya canzawa a tsakani, saboda haka ku bar masu makaranta su yanke abin da za a rubuta, a rubuce. Wata dabara kuma ita ce a yi rubutu bayan banis ya bushe sarai, domin a kan banis ana iya goge harafin da ya karkace tun fentin yana ɗanye, amma ɗanyen katako yana tsotse fenti, sai an kankare. Fentin ruwan zinariya mai araha, wanda garin tagulla ne a ciki, yakan dushe ya yi duhu, don haka na fi son fari ko rawaya mai kyau, ko da masu makaranta sun fi son ƙyalli.

Akwai kuma kuskuren da ba ya bayyana sai bayan shekaru. An taɓa ba ni sunaye goma sha ɗaya, na baza su suka cika allon tsaf don ya yi kyau a ido, na manta cewa makaranta ba ta daina sauya shugabanni ba. Da aka yi sabon shugaba babu inda za a sa shi, sai suka liƙa takarda a ƙasan firam. Lissafin kuwa mai sauƙi ne: filin rubutu mai tsawon ƙafa uku inci 36 ne, idan kowane layi ya ci inci ɗaya da rabi zai ɗauki sunaye 24. Ku fara daga sama, ku bar ƙasa fayau ko da mai makaranta ya ce ya yi fili da yawa. A bayan kowane allo yanzu nakan rubuta da fensir tsayin harafi, da tazarar layi, da irin fentin da na yi amfani da shi, saboda wanda zai ƙara suna na gaba, wataƙila ɗaya daga cikinku, ya samu abin bi.