Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a rashin maƙwabcinmu

Assalamu alaikum. A madadin iyalina, da kuma matar marigayi wadda ta roƙe ni in isar da saƙonta ga 'yan'uwanmu Hausawa na Oakland da kewaye, ina miƙa godiya ga duk wanda ya halarci taron tunawa da mijinta ranar Asabar. Wasu ba su taɓa ganinsa ba, sun zo ne kawai don an ce maƙwabcina ne. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Shekara 11 katanga ɗaya ce tsakaninmu. Baturen Amurka ne, ba addininmu ɗaya ba, amma 'ya'yana Kawu suke ce masa, shi kuma yana amsawa. Da yawanku sun tambaye ni a wurin taron me ya sa mutane suka zo zaman makoki da riguna masu zanen furanni, kuma mene ne waɗannan kofuna masu fuskoki. Shi ya yi wasiyyar haka. Abin da ya fi so a duniya, bayan iyalinsa, shi ne abin da ake kira tiki.

Wani salo ne na ƙawata wurin cin abinci da shaƙatawa kamar kana wani tsibiri a tekun Fasifik. A nan Kalifoniya aka fara wannan salon. Wani mai suna Donn Beach ya buɗe wurinsa a Hollywood a farkon shekarun 1930, sai Victor Bergeron ya buɗe nasa a titin San Pablo na garinmu a 1934, wanda daga baya ya zama Trader Vic's. Sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu, da shigar Hawai cikin jihohin Amurka a 1959, su suka ƙara wa abin kasuwa. Duk a bakin maƙwabcina na ji wannan, kuma duk ranar da muka bi ta San Pablo sai ya rage gudun mota ya nuna mini kusurwar. Ya taɓa kai ni da maiɗakina Tonga Room a San Francisco, inda ake sako ruwan sama na wucin gadi a cikin gini, makaɗa kuma suna kan kwalekwale a tsakiyar ruwa. Mu muna kallon ruwan, shi yana kallon fuskokinmu yana murna.

Garejinsa ya mayar irin wannan wuri. Bango duk gora, tarun kamun kifi a rataye da ƙwallayen gilashi, ga fitilar da aka yi da fatar talibamban. Ranar da na fara shiga na ga sassaƙen itace masu siffar gumaka, raina bai kwanta ba, na kuwa faɗa masa. Bai ji haushi ba. Ya ce ba ya bauta musu, amma ya san a wurin mutanen tsibiran ba abin wasa ba ne, domin a labarin Maori na New Zealand Tiki shi ne mutum na farko, kuma akwai waɗanda ba sa jin daɗin ganin siffar abin girmamawarsu a jikin kofi. Wannan gaskiyar tasa ita ta sa na sake komawa. Da na dawo sai na tarar ya ware mini kofin tangaran mai siffar kwakwa, babu fuska a jikinsa. Ya san ba na shan giya, don haka ya sayi wani mazubi daban wanda giya ba ta taɓa shiga ba, yana haɗa mini abarba da lemun tsami da citta da madarar kwakwa. Shekara da shekaru bai taɓa haɗa kayan ba, ko sau ɗaya.

Ciwon dajin hanji ne ya kama shi, kuma ba a gano ba sai da ya bazu zuwa hanta. Wata 14 ya yi yana jinya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙanƙara. Maganin da ake ɗura masa ta jijiya ya sa ba ya iya taɓa abu mai sanyi, yatsunsa su ɗauki zogi kamar an jona masa lantarki, ko ruwan firji ba ya iya haɗiyewa. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana fasa wa baƙi ƙanƙara. Duk da haka wata Juma'a na leƙa na same shi da safar hannu biyu, yana cika kofina, nasa kuwa ruwan ɗumi ne. Na ce ya bari, ya ce baƙo ya zo.

Ya sha nanata cewa da ya yi gwajin hanji da wuri, da ƙila labarin ya bambanta. A ƙasar nan tun 2021 aka rage shekarun fara gwajin daga 50 zuwa 45. Ya sa ni na yi alkawari, na je na yi, kuma ya ce in faɗa wa mutanena. To, ga shi na faɗa.

Godiya ta musamman ga matan unguwarmu da suka ɗauki nauyin girki na mako shida, har da kunun gyaɗa, wanda shi kaɗai cikinsa yake karɓa a ƙarshe. Godiya ga samarin da suka riƙa kai shi asibiti bi da bi in ina wurin aiki, da ma'aikatan jinya masu zuwa gida, musamman wadda ta kwana tare da mu daren da ya cika. Abokansa na tiki sun zo daga San Diego da Los Angeles, wasu sun kwana suna tuƙi. Sun karɓe mu hannu bibbiyu, har suka ware mana wuri muka yi sallar la'asar. Ba zan manta ba.

Matarsa ta raba kofunansa ga mahalarta, kowa ya tafi da ɗaya. Nawa ta miƙo mini a naɗe cikin rigarsa. Ku sa ta cikin addu'a, ita da ɗansu, Allah ya ba su haƙuri da dangana, mu ma ya ba mu.

Akwai kuloli uku da babban tire ɗaya da aka bari a wurin taron, suna gidana. Mai su ya kira ni, ko in kawo masallaci ranar Juma'a.