Manyan Kalmomin Turanci da Jarrabawar JAMB: Hadda Kaɗai Ba Ta Wadatarwa

Duk lokacin da jarrabawar shiga jami'a ta gabato, nakan ga ɗalibai riƙe da 'yan littattafai masu ɗauke da dogon jerin kalmomin Turanci, kowace da ma'ana guda a gefenta, suna bita dare da rana. Himmarsu abin yabo ce, sai dai hanyar ba ta dace da salon tambayoyin hukumar JAMB ba, kuma abin yana damuna ƙwarai domin Turanci ne darasin da ya wajaba a kan kowa, ko likitanci mutum yake nema ko shari'a. Cikin tambayoyi 180 na wannan jarrabawa da ake kira UTME, 60 na Turanci ne, sauran darussa uku kuma kowanne 40, duka a amsa su cikin awa biyu a gaban kwamfuta.

Hukumar ba ta cika kawo kalma ita kaɗai ta tambayi ma'anarta ba. Takan sanya ta cikin jimla, sannan ta nemi wadda ta fi kusa da ita a ma'ana ko kuma kishiyarta, wani lokacin kuma ta kawo dogon rubutu mai gurabe a cike. Ɗalibin da ya haddace cewa *sanction* takunkumi ne zai ruɗe ranar da ya gamu da ita a jimlar da take nufin amincewar hukuma, alhali duka biyun daidai ne, kuma jimlar ce kaɗai take bayyana wadda ake nufi.

Abin da na fi ba da shawara a kai shi ne sanin asalin kalmomi. Yawancin waɗannan manyan kalmomi daga Latin da Girkanci suka fito, wasu kai tsaye ta hanyar malamai, wasu kuma ta Faransanci bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Ɗalibin da ya taɓa zama gaban malami ya karanta sarfun Larabci ya riga ya san dabarar, domin ya ga yadda kitab da katib da maktab suka tsiro daga saiwa ɗaya. Idan ya gane cewa *bene* alheri take nunawa, *mal* kuma sharri, to *benevolent* da *benefactor* da *malevolent* da *malign* sun buɗe masa a zama ɗaya, har da wasu da bai taɓa gani ba. Amma a yi hattara, domin wannan dabarar takan yaudari mai gaggawa: *in* a farkon kalma yawanci korewa ce, amma *invaluable* tana nufin abin da darajarsa ta wuce a ƙiyasta, kuma masu shirya tambayoyi sun san ɗalibai suna tuntuɓe a irin wannan wuri.

Wanda ya fi son jeri, akwai jerin da ya cancanci lokacinsa. A shekarar 2000 wata malamar jami'a a Niyu Zilan, Averil Coxhead, ta fitar da dangin kalmomi 570 waɗanda suka fi yawo a rubuce-rubucen ilimi, irin su *analyse* da *concept* da *derive*. Amfaninsu ya wuce ranar jarrabawa, domin da su za a yi wa ɗalibi lacca idan ya samu gurbi.

Ko wannan jerin ma, sai an haɗa shi da karatu. Ɗalibi ya riƙa karanta sharhin jaridun Turanci da littafin labarin da hukumar ta ware na shekarar, ya rubuta duk baƙuwar kalma tare da cikakkiyar jimlar da ya tsince ta a ciki, sannan ya gina tasa jimlar da ita. Ya kuma yi alama a gaɓar da ake ƙarfafawa wajen furuci, tunda akwai tambayoyi a kan haka, kuma kalma kamar *record* furucinta yana sauyawa tsakanin suna da aikatau.