Wace fuska za a sa wa tsohuwar kwamfuta?

Tun da Microsoft ya janye kulawa da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, aikin da ya fi shigo mana shago a nan Katsina shi ne ɗora Linux, wata babbar manhaja da ke maye gurbin Windows, a kan laftof na hannu. Yawancinsu HP EliteBook ne da Dell Latitude da suka girmi Windows 11, don ita sai da TPM 2.0 (wani guntun tsaro da ke cikin kwamfuta) da Intel zubi na 8 zuwa sama. To amma Linux ba fuska ɗaya gare shi ba. Menu, sandar ƙasa, yadda tagogi ke buɗewa, duk zaɓa ake yi.

Kafin komai muna duba RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. Mai 2GB, fuskar LXQt muke sa mata, wadda ke zuwa da nau'in Linux mai suna Lubuntu. Mai 4GB, Xfce na Linux Mint. Daga 8GB ne ake maganar Cinnamon, KDE Plasma ko GNOME. Sai dai a sani, burauza ce ke cinye RAM fiye da fuskar kanta. Shafuka goma a Chrome za su durƙusar da mai 4GB ko me aka sa mata. In tana da tsohon hadis (hard disk) mai juyawa, canza shi da SSD, ma'ajiya mai sauri da ba ta juyawa, ya fi kowane zaɓin fuska amfani.

Sai hannun mai ita. Wanda ya saba da Windows, Cinnamon ko Xfce muke ba shi, menu na ƙasa ta hagu inda ya san shi. GNOME kyakkyawa ce, amma a asalinta ko maɓallin sauke taga babu, kwana biyu mutum zai dawo yana cewa "Malam, takarduna sun ɓace." KDE kuwa saituna sun yi mata yawa ga mai yawan taɓe-taɓe.

Ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua su ne ke tambayar i3, mai jera tagogi kamar tayil, babu wadda ke hawa kan wata. Da kibod ake komai: Super (maɓallin mai tambarin Windows) da Enter ya buɗe tamina, wato tagar rubuta umarni, Super da 2 ya kai ka filin aiki na biyu. Yana da sauƙin nauyi ƙwarai, amma tsirara yake zuwa. Alamar Wi-Fi sai an saka ƙaramar manhajar nm-applet, filas ba ya buɗe kansa, kuma ba ya gargaɗi in batir ya kusa ƙarewa. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, wannan na iya jawo asarar aikin yini. Ga allon 1366x768, taga uku a jere sun zama tsintsiya. Mafi yawa abin da suke so shi ne taga biyu gefe da gefe, kuma Super da kibiyar hagu ko dama na yin haka a Cinnamon, KDE da GNOME.

Ba ma haɗa fuska biyu a kwamfuta ɗaya. Manhajoji sukan ninku, allon shiga na GNOME (GDM) da na KDE (SDDM) su yi ta takara, launuka su hargitse. Filas mai 16GB muke sa wa Ventoy, manhajar da ke ba da damar tayar da kwamfuta daga filas, mu zuba Linux iri uku, mai kaya ya zauna ya gwada minti goma ba a taɓa hadis ɗinsa ba. A nan ake duba Wi-Fi, sauti, firinta da tsarin kibod na Hausa mai ƙ, ɗ da ɓ.

Masu shagon buga katin biki da ke aiki da CorelDRAW kuwa, ba ma sa musu Linux sam, don ba ya aiki a kai.