Salbiya ba ta tsoron sanyi, kwanciyar ruwa take tsoro

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sha'awar lambun furanni,

Muna gaishe ku daga Jamus, inda a watan Yuni zangarniyar salbiya mai launin shuni ke cika lambuna, ƙudan zuma na ta shawagi a kanta. Sunanta na kimiyya Salvia nemorosa, 'yar gidan su na'a-na'a ce, shi ya sa karan nata ke da kusurwa huɗu. Asalinta tsakiyar Turai da yammacin Asiya. Ganyenta ya bushe da hunturu, gindin ya sake toho kowace shekara, ko da sanyi ya kai digiri 25 ƙasa da sifili.

Abin da ke kashe ta shi ne ruwan da ya kwanta a gindi. Idan ƙasarku mai yumɓu ce, ku cakuɗa ta da tsakuwa ƙanana, ku ɗaga kunya kamar santimita 15. Wuyan shukar, wato inda kara ya haɗu da saiwa, ya tsaya daidai da saman ƙasa. In aka binne shi, ruɓewa zai yi. A bar tazarar santimita 40, don iska ta ratsa, in ba haka ba farar funfuna ta rufe ganye. Rana kuwa aƙalla awa 6.

Shekarar farko a ba ta ruwa sosai sau ɗaya a mako, a gindi, kada a jiƙa ganye. Bayan ta kafu, sai fari ya tsananta. Taki kaɗan ya isa, tafin hannu biyu na ruɓaɓɓe a shekara. Mun sha ganin wadda aka cika wa taki: kara ya yi tsawo da laushi, ya baje, tsakiya ta buɗe.

Yanka ne inda mutane ke jin tausayi, tausayin kuma yana cutar da ita. Da zarar zangarniyar ta dushe, a datse kara har kusa da sabbin ganyen gindi, a shayar. Cikin makonni sai ga fure na biyu, ko da bai kai na farko yawa ba.

Duk shekara uku ko huɗu a tono gindin lokacin toho, a raba da wuƙa, a yar da tsakiyar da ta tsufa. A kula da dodon koɗi, sabon toho yake ci da dare.

Wanda ke wuri mai zafi da laima, wannan irin zai wahala. Ya nemi Salvia leucantha ta Meziko, ita ta fi ɗaukar zafi.

Wassalam,
'Yan'uwanku masu aikin lambu