Dama ta huɗu da tsoron bakin mutane

A ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta ci yadi goma. In ta ci, a sake ba ta huɗu. In uku sun wuce ba ta cika ba, al'adar da aka gada ita ce a haƙura da ta huɗun, a fito da gwanin shuri ya narka ƙwallon can nesa, abokan hamayya su faro daga inda tafiya za ta yi musu tsawo. A kan wannan bugun sallamar aka ba mu aiki a darasin ƙididdiga lokacin da nake digiri na biyu, kuma har yau ina cin moriyarsa a ofis.

Malaminmu ya fara da binciken David Romer, masanin tattalin arziki a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wanda aka buga a 2006. Romer ya ɗauki zangon farko (cikin huɗu) na wasannin NFL, babbar gasar ƙwararru ta wannan wasa, daga 1998 zuwa 2000, lokacin da agogo da tazarar maki ba su fara matsa wa kowa ba, ya yi wa kowane wuri a fili farashi: in ƙwallo na hannunka a nan, maki nawa ake sa ran za ka fi abokin hamayya? Da haka bugun sallama ya koma ciniki, ka sayar da damarka ka sayi yadi talatin da wani abu. Ya samu wurare 1,068 da lissafi ya ce a gwada damar, amma a 959 daga ciki shurin aka yi. Abin da ya fara zauna mini ke nan: hanyar da kowa ya saba bi ita ma tana cin kuɗi, sai dai allon maki ba ya nuna abin da ka bari ya wuce.

To me ya sa ƙwararrun da suka tsufa a sana'ar suke haka? Amsar na cikin daren 15 ga Nuwamba, 2009. New England Patriots na gaban Indianapolis Colts da 34 da 28, saura minti biyu da 'yan daƙiƙu, ƙwallo a yadi na 28 na gidansu, yadi biyu kacal ake nema. Kocin Patriots, Bill Belichick, ya bar gwanin shurinsa a gefe. Mai jefa ƙwallonsa, Tom Brady, ya jefa wa Kevin Faulk, ya cafe, aka maka shi da ƙasa gab da layin. Peyton Manning, mai jefa ƙwallon Colts, ya karɓi ƙwallo kusa da gidan Patriots, Colts suka ci 35 da 34. Washegari Belichick ya sha zagi har daga tsofaffin 'yan wasansa. Shi kuwa Brian Burke, mai nazarin alƙaluman wasan, ya ƙiyasta cewa gwadawar ta ba Patriots damar nasara kashi 79 cikin 100, shuri kuwa kashi 70.

Na daɗe ina kallon wannan 79 ɗin. Ma'anarsa, ko da ka yi daidai, kusan sau ɗaya cikin biyar za ka faɗi, kuma a idon duniya. Da Belichick ya yi shuri Manning ya ratsa filin ya ci, masu tsaron baya za a zarga. Da ya gwada ya rasa, sunansa kaɗai aka kira. Koci na neman nasara, amma yana neman ya kwana da aikinsa ma, shi ya sa yake ganin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ina ganin irin wannan a tarukan ofis: a zaɓi hanyar da in ta lalace za a ce ƙaddara ce, a bar wadda ta fi ta don tana da sa hannun mutum ɗaya. Abin yana ci mini rai, domin ma'aikata ne ke ɗaukar asarar. Yanzu kafin mu yanke shawara mai nauyi, nakan nemi mu rubuta abin da muka sani da dalilinmu, mu ajiye. In sakamako ya fito, da wannan takardar ake auna mutum.

Alƙaluman ma ba a haɗiye su ba tauna. A teburin bayanan da aka ba mu, layi bayan layi an rubuta saura yadi 1, alhali wannan 1 ɗin na iya zama tsawon yatsa, yana iya kusan yadi biyu. A 2020 Michael Lopez, masanin ƙididdiga na NFL, ya yi amfani da bayanan na'urorin da ke bin motsin 'yan wasa ya nuna cewa masu gwadawa galibi sun fi kusa da layin, don haka an zuzuta ribar gwadawar, duk da tana nan. Tun daga lokacin, duk teburin da aka kawo mini sai na tambayi wanda ya zaɓi shiga cikinsa da wanda ya noƙe.

Akwai kuma Kevin Kelley, kocin makarantar sakandaren Pulaski Academy a jihar Arkansas, wanda kusan ya daina shuri kwata-kwata, ya ɗauki kofin jiha sau tara. A sakandare shuri ba ya nisa, don haka sallamar ba ta da riba. Da ya koma Presbyterian College a 2021, wasa biyu ya ci cikin goma sha ɗaya. Lissafin wani fili sai an sake shi a sabon fili.

A wasan ƙarshe na gasar NFL a Fabrairun 2018, koci Doug Pederson na Philadelphia Eagles ya gwada dama ta huɗu sau biyu, duka suka yi kyau, ya doke Patriots 41 da 33, aka yi ta yabonsa. A Janairun 2024 koci Dan Campbell na Detroit Lions ya gwada sau biyu maimakon shurin neman maki uku bayan hutun rabin lokaci a gidan San Francisco, duka suka ƙi, ya sha kashi 34 da 31, aka yi masa ca. Masu lissafi da dama sun ce tazarar zaɓin nasa biyu kaɗan ce, kuma ta ɗan karkata wajen gwadawa. Ni ina tare da Campbell kamar yadda nake tare da Pederson.